Yadda ake tara hotunan zanen kaboyi masu lamba da sa hannu, daki-daki

Kusan duk baƙon da ya shigo falona sai ya tsaya gaban hotunan nan na kaboyi ya tambaya ina na samo su, nawa ne, ya ake gane na gaske, wasu har su kira ni bayan sun tafi wai in turo musu bayani, toh na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya huta. Ni abin daga mahaifina na gada, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ya sha kallon fim ɗin kaboyi a silima a Kano zamanin ƙuruciyarsa kuma yana son doki kamar me, shi ya sa duk lokacin da na kalli mahayi da garke cikin ƙura sai na tuna shi. Abin da nake magana a kai shi ne bugun da ake yi wa zane adadi ƙayyadadde, misali kwafi 1000, mai zanen ya sa hannu a kowanne ya rubuta lamba, daga nan ba a ƙara bugawa. Kasuwar a Amurka take, can ake bugawa can ake sayarwa, don haka da dala za mu yi lissafi.

1. Zaɓi layi ɗaya tukuna

Kafin ka kashe ko sisi ka yanke shawarar me kake tarawa, don fagen nan yana da faɗi sosai, in ka shiga ba alƙibla zaka tara tarkace ne kawai. In kana son hoton da ke tuna da zamanin da, mahaya cikin rigar ruwa suna ratsa titin gari da magariba fitilu na haska ƙasa mai danshi, to G. Harvey na Texas ne mutuminka, ya rasu a 2017 kuma bugunsa ya cika kasuwa. In ƙura da gudun doki kake so, Frank McCarthy. In rayuwar 'yan asalin ƙasar ce irin su ƙabilun Blackfeet da Crow, Howard Terpning ne uban tafiya. James Bama kuma, kafin ya rasu a 2022, fuskoki yake yi kamar an ɗauka da kyamara. Tim Cox yana zana makiyayan yanzu a bakin aiki, sirdi da linzami da kaimi duk daidai yadda suke, wanda ya san doki zai gane mai zanen ma ya sani.

Wasu kuma suna bin ƙungiya ne, Cowboy Artists of America da Joe Beeler da Charlie Dye da John Hampton da George Phippen suka kafa a Sedona ta jihar Arizona a 1965, 'yan ƙungiyar sukan ƙara harufan CA bayan sunansu. Ni shawarata mutum ɗaya ko biyu ka kama, ka yi wata biyu kana kallon aikinsu kawai ba saye, har idonka ya saba da kalar da suke amfani da ita da yadda suke sa hannu.

Gargaɗi a nan: sunaye biyu ne aka fi damfarar sabon shiga da su, Frederic Remington da Charles M. Russell. Remington ya mutu a 1909, Russell a 1926. Aikinsu ya zama na kowa, duk mai inji zai iya bugawa ya rubuta 45/500 a ƙasa, kuma lambar ba ta nufin komai tunda mai zanen bai taɓa ganin takardar ba. Akwai tsoffin bugu na gaske tun suna raye, kamar jerin hotuna 8 na Remington da aka fitar a 1901, amma wannan fagen manya ne, kar ka fara daga nan.

2. Gane irin bugun

Nan ne gaskiya ya kamata ka daɗe, don kuɗinka ya dogara ne a kan wannan.

Na farko shi ne ofset, wanda zaka ga an rubuta offset lithograph. Hoton zanen aka ɗauka aka buga da babban inji a takarda mai kauri. Yawancin abin da kamfanoni irin su Greenwich Workshop da Mill Pond Press da Somerset House suka fitar daga shekarun 1970 zuwa 1990 wannan ne. Shi ya fi araha kuma shi ya fi saurin koɗewa in rana ta same shi.

Na biyu jikile, a rubuce giclée, ya shigo ne a farkon shekarun 1990. Inji ne ke fesa tawada siriri-siriri a takarda ko a kanbas. Wanda aka yi da tawada mai kyau kalarsa ta fi zurfi kuma ta fi jure haske, adadinsa yakan zama kaɗan, 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka, shi ya sa ya fi tsada. Amma ka sani na farko-farkon nan wasu da tawadar rini aka yi su, suma suna koɗewa.

Na uku shi ne wanda mai zanen da hannunsa ya karce farantin tagulla aka shafa tawada aka danna a takarda, ana rubuta shi etching. Wannan ba kwafin wani zane bane, shi kansa aikin asali ne. Edward Borein na Santa Barbara wanda ya rasu a 1945 ya shahara da shi, ƙananan hotuna baƙi da fari na mahaya da shanu. In Allah ya hore maka ka samu Borein ɗaya na gaske, wallahi a wurina ya fi ofset goma.

Kayan aikin da kake buƙata ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu duba zinare, wajen dala 10 ne, sai tef na awo mai inci don Amurkawa da inci suke awo, sai tocila. Ka ɗora gilashin a kan sararin sama a hoton. In ka ga ɗigo-ɗigo a jere suna yin zobe kamar fure, ofset ne. In ɗigon ƙanana ne a warwatse kamar an yayyafa gari, jikile ne. In babu ɗigo sai layuka da ka ji sun ɗan taso, ga kuma shaidar gefen faranti ya lotsa takardar zagaye da hoton, to na karce ne.

Hattara da kalmar lithograph ita kaɗai a talla. Masu sayarwa na son ta don tana sa a zata aikin hannu ne a kan dutse, alhali kusan kullum a wannan kasuwa ofset ake nufi. Ka tambaya kai tsaye.

3. Karanta gindin takarda

A farin gefen da ke ƙasan hoto komai yake. Zaka ga lamba kamar 312/1000, wato kwafi na 312 cikin 1000, da sa hannun mai zane, a takarda yawanci da fensir. S/N na nufin an sa hannu an ba da lamba. A/P kwafin da aka ware wa mai zanen ne, bisa al'ada bai wuce kashi 10 cikin 100 na bugun ba, ana ɗan ƙara masa kuɗi. P/P na mai inji ne. Wani lokaci kuma mai zanen kan yi ɗan ƙaramin zane da hannu a gefen, kan doki ko malafa, sunansa remarque, wannan yana ɗaga daraja sosai don da gaske hannunsa ya taɓa.

Sa hannu biyu zaka nema. Ɗaya na cikin hoton, wanda aka bugo tare da zanen, shi ba komai bane, ko a kalanda akwai shi. Ɗayan na fensir. Ka haska tocila ta gefe, fensir na gaske yana ɗan sheƙi kuma zaka ga ya ɗan nutsa cikin takarda, in ka duba da gilashi babu ɗigo a cikinsa. In talla ya ce plate signed to na cikin hoto kawai suke nufi, wuce abinka. Kuma ka duba ƙananan rubutu can ƙasa ko sama, manyan kamfanoni na buga sunansu da shekara a nan.

Abu biyu da mutane ke ruɗewa a kai. Ƙaramar lamba kamar 5/1000 ba ta fi 900/1000 kyau ba a ofset ko jikile, inji ɗaya ya fitar da su iri ɗaya, kar ka yarda a ƙara maka kuɗi mai yawa don wannan. Lambar ƙasa, wato jimillar adadin bugun, ita ce abin dubawa. Akwai lokacin da kamfanoni ke buɗe ƙofa na 'yan makonni kowa ya yi oda, adadin odar shi ne adadin bugun, ta haka wani bugun mai zane Bev Doolittle ya haura kwafi dubu 60. Hoton yana da kyau, amma abin da mutum dubu 60 ke riƙe da shi ba zai yi wuyar samu ba, farashinsa ma haka.

Takardar shaida da ake haɗowa da ita tana da amfani in daga kamfanin da ya buga take kuma lambarta ta yi daidai da ta hoton. In dillali ne ya buga ta a shagonsa da tambarin zinare, ba ta tabbatar da komai.

4. Nemo farashin da aka biya, ba wanda aka yi talla ba

Wannan matakin gajere ne amma shi ke ceton aljihu. Hoto ɗaya zaka ganshi wani ya sa dala 900 wani 250. A eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ka rubuta sunan mai zane da sunan hoton, ka danna wajen da ke nuna kayan da aka riga aka sayar. A shafukan gwanjo na intanet LiveAuctioneers da Invaluable ma akwai sakamakon gwanjon baya in ka yi rajista. Ka tara sayarwa uku zuwa biyar na kwanan nan ka ɗauki tsakiya, wannan shi ne kuɗin hoton.

Abin da na saba gani, ofset na takarda na shekarun 80 da 90 da yawansu tsakanin dala 50 zuwa 300 suke tafiya, wasu ma ƙasa da kuɗin da aka saye su sabbi. Jikile na kanbas na manyan sunaye daga 'yan ɗaruruwa har dubbai. Zanen Terpning na asali ya wuce dala miliyan ɗaya a gwanjo, kuma dillalai na son ambaton wannan don su sa ka ji kamar kwafin ma zai bi sahu. Ba haka bane fa ɗan uwa. In jari kake nema ka je ka sayi fili, wannan don bango ne da kwanciyar rai.

5. Inda ake saye

Sabon bugu, ka saya kai tsaye daga kamfanin da ya buga ko daga mai zanen in yana raye yana sayarwa da kansa, nan babu maganar jabu. Wanda ya ƙare a kamfani sai kasuwar hannu na biyu: shagunan zane a garuruwa irin su Scottsdale da Jackson da Santa Fe, ƙananan gidajen gwanjo da ke kwashe kayan gado, sai eBay. Araha a gwanjon kayan gado take, haɗari ma a can yake.

Manyan gwanjo kamar na Coeur d'Alene da ake yi a Reno a watan Yuli, ko na Scottsdale a Afrilu, zanen asali suke sayarwa, ba namu bane, amma kundinsu na intanet kyauta ne kuma makaranta ce. A nan zaka ga ainihin kalar zanen don ka kwatanta da kwafin da ake tallata maka. Wanda ke zaune a Amurka kuwa in ya samu dama ya leƙa gidan tarihin Russell a Great Falls, ko Amon Carter a Fort Worth, ko National Cowboy and Western Heritage Museum a Oklahoma City, ganin na gaske sau ɗaya na gyara ido fiye da shekara ana kallon waya. Amma ka kula, hotunan shagon tsaraba na gidajen nan galibi bugu ne mara iyaka, masu kyau ne don ado, kawai dai ba su cikin abin da muke tarawa.

6. Binciki lafiyar hoton kafin ka biya

Ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoton gaba gaba ɗaya har da gefuna huɗu, hoton baya, hoton lamba da sa hannu daf da daf, da awon takardar. Wanda ya ƙi turowa ko ya fara kame-kame, rabu da shi, wani kwafin zai fito.

Koɗewa ita ce babbar cuta kuma ba ta da magani. A ofset ja da rawaya ne ke fara tafiya, sai hoton ya koma shuɗi-shuɗi, doki aharas ya zama kamar toka, hasken faɗuwar rana ya mutu. Ni kaina na taɓa faɗawa, na sayi hoton mahaya a bakin kogi a cikin firam, a waya yana da kyau, da ya iso na cire kwalin gefe, wanda ke zagaye da hoto a cikin firam, sai ga siririn layi na ainihin kalar da kwalin ya kare daga rana, ja mai zurfi, sauran duk ya tafi. Na ji zafin abin ƙwarai don hoton da na daɗe ina nema ne. Tun daga ranar kullum sai na ajiye hoton kamfani kusa da na mai sayarwa na kwatanta.

Sai ɗigo-ɗigo launin tsatsa da laima ke jawowa, sai layi ruwan ƙasa zagaye da hoto inda kwali mara kyau ya ƙona takardar, sai shaidar salatif a kusurwa, sai lanƙwasa. Ka tambaya ko an manne takardar a jikin katako ko kwali, don da yawan masu firam na da haka suke yi da zafi, kuma wanda aka manne darajarsa ta faɗi. Haka in an datse gefe don ya shiga firam, shi ya sa nace a baka awo, ka gwada da awon da kamfani ya bayar.

Mafi kyau shi ne wanda ba a taɓa sa wa firam ba, yana nan a kwance cikin jakar kwalinsa ta asali. In ka ga irin wannan ka ƙara ɗan kuɗi ba asara bane.

7. Lissafi da jigila

A gwanjo kuɗin da ka taya ba shi zaka biya ba. Akwai la'adar gidan gwanjo da ake ɗorawa mai saye, yawanci kashi 20 zuwa 28 cikin 100, kaga in ka ci kaya a 200 da la'adar kashi 25 ya zama 250, ga haraji, ga ɗauri, ga jigila. Ka rubuta iyakarka a takarda kafin a fara, ka cire duk waɗannan daga ciki, abin da ya rage shi ne tayinka na ƙarshe. Da yawan gidajen gwanjo ba sa aika kaya da kansu, wani shago suke haɗa ka da shi, toh ka nemi farashinsa tun kafin ka taya, don na ga inda kuɗin ɗauri ya fi kuɗin hoto.

Mu da muke nesa, ko ɗan uwa a can ya karɓa ya taho da shi, ko kamfanonin da ke baka adireshi a Amurka su tara maka kaya su turo. In adireshin a Delaware ko Oregon yake babu harajin saye na jiha. Ka tanadi wani abu na kwastan, kuma ka biya ta hanyar da ke da kariya kamar kati ko PayPal, kar ka tura kuɗi kai tsaye ga wanda baka sani ba komai daɗin bakinsa.

Gargaɗi: kar ka bari a turo da gilashi. Ka ce a cire hoton daga firam, gilashi in ya fashe a hanya yanka hoton yake, ga nauyi. A kwance tsakanin kwali masu ƙarfi ya fi, in dole sai an naɗe to a bututu mai faɗi, inci 4 zuwa sama, hoton a naɗe cikin takarda mai tsafta. Ka sa inshora.

8. Buɗewa da firam

Ka kunna bidiyo kafin ka yanka ɗaurin, in akwai ɓarna shi ne shaidarka. Wanke hannu ka bushe sosai, ka riƙe takarda da hannu biyu. Wanda ya zo a naɗe kar ka tanƙwara shi ta baya, shimfiɗa shi a tebur ka rufe da farar takarda ka ɗora littattafai a hankali kwana biyu ko uku zai miƙe da kansa.

Wajen firam ne ake kashe hoto a ƙasarmu, ba don mugunta ba, masu aikin sun saba da hoton biki ne da satifiket, gam suke shafawa su manne. Ka je da kanka ka tsaya. Abin da ake buƙata: kwalin gefe da na baya marasa asid, na auduga ya fi, gilashi ko roba mai tare hasken rana wanda aka rubuta yana tare kashi 99 na UV, sannan hoton a riƙe shi da 'yan kusurwoyi na musamman ko ɗan maƙalin takardar Japan a sama kawai. Ba gam, ba salatif, ba datsa ko da rabin inci. Hoton kar ya taɓa gilashi, aikin kwalin gefen kenan, in ya taɓa laima ta taru sai ya manne. Kayan nan suna wuyar samu a nan, ni nakan yi odarsu tare da hoton in kai wa mai firam katako kawai ya haɗa. Kuma ka bar lamba da sa hannu a buɗe kar kwali ya rufe su. Na kanbas shi ba ya buƙatar gilashi, a ɗaure shi a katako a sa masa firam, amma da ƙurar hunturunmu sai ka riƙa kaɗe shi da burushi mai laushi, ruwa ko tsumma mai danshi kar su kusance shi.

9. Ratayewa da ajiya

Bangon da rana ba ta bugawa ko kaɗan, nesa da taga, nesa da kicin da hayaƙin turaren wuta. Kar ka rataya a bangon da ke jan ruwa da damina, kuma ka manna 'yan robobi a kusurwoyin baya don iska ta riƙa wucewa. Takarda ta fi son laima tsaka-tsaki, wajen kashi 40 zuwa 50, mu kuwa da hunturu ta bushe ƙayau da damina ta cika, shi ya sa a watan Agusta nake sauke nawa ɗaya bayan ɗaya in duba baya ko funfuna ta fara ko gara ta yi hanya. Na Legas da Fatakwal ku ninka wannan dubawar.

Waɗanda ba ka rataya ba a kwance za su zauna, ba a naɗe ba, kowanne da takarda marar asid a tsakani, a kan kanta nesa da ƙasa. Sannan ka buɗe littafi, kowane hoto shafinsa: sunan mai zane, sunan hoto, kamfani da shekara, lamba, awo, inda ka saya, nawa ka biya har da jigila. Rasit da takardar shaida a ambulan daban kar ka manna su a bayan firam, ka kuma ɗauki hotonsu ka ajiye a waya da imel, don ranar da za a sayar ko a raba wa 'ya'ya takardun nan ne za a fara tambaya.